Mai Tsayuwa Bayan Liman

A unguwar Al-Shifa, kudancin birnin Riyad, akwai wani gida mai hawa uku da wani attajiri ya bari waƙafi domin baƙin ɗaliban ilimi. A shekarar 2016 ɗalibai arba'in da shida ne a cikinsa, daga ƙasashe goma sha uku. Malam Isiyaku, mutumin Katsina, shi ne mudir, wato shugaban gidan, kuma shi ne limamin ƙaramin masallacin da ke hawan ƙasa. Malam Jibrin, mutumin Haɗeja, shi ne na'ibinsa kuma malamin hadda. Shekara goma sha tara suna a haka.

Jirgi ɗaya ya kawo su daga Kano a 1986, dukansu da tallafin karatu. A lokacin Jibrin ya riga ya haddace Alƙur'ani, har ya rubuta da ka sau biyu a gaban mahaifinsa. Isiyaku kuwa sai a nan Riyad ya kammala tasa haddar, a hannun Jibrin ɗin, cikin ɗakin da suka zauna tare. Amma da 'ya'yan attajirin suka tashi neman wanda zai riƙe gidan, Isiyaku suka kira cikin ofis, suka bar Jibrin a baranda. Sun ce Isiyaku yana da sakin fuska, kuma ya iya Larabcin mutanen gari.

Ba za a ce sun yi kuskuren zaɓe ba, kuma wannan ne ya fi cin ran Malam Jibrin. Duk ɗalibin da zai sauka, ko daga Jakarta ko daga Damagaram, Malam Isiyaku da kansa yake zuwa filin jirgi ya tarbe shi. Ya koyi gaisuwa da harsuna goma sha ɗaya, ko da yake daga gaisuwar ba ya iya ƙara komai. Ya kafa doka cewa 'yan ƙasa ɗaya ba za su zauna a faranti ɗaya ba, saboda haka Bazabarme da mutumin Bosniya suka koyi Larabci a kan shinkafa kafin su koye shi a aji. Masu gadin Unguwar Ofisoshin Jakadanci sun san motarsa, saboda yawan zuwa a kan fasfon wani da ya ɓata ko takardar wani da ta ƙare. Shekarar da wani ɗalibi ɗan Filifin ya rasu a asibiti, shi ya yi masa wanka, shi ya sallace shi, shi ya kira mahaifiyarsa ta waya, ya riƙe wayar a kunne tana kuka da harshen da ba ya ji har ta gama.

Malam Jibrin kuwa kowace safiya bayan Asuba yake zama da ɗaliban nan, yana sauraron tilawarsu ɗaya bayan ɗaya, yana gyara musu harshe. Su koma ƙasashensu su zama limamai da alƙalai da haddar da ya ba su, sannan su haifi 'ya'ya su raɗa musu Ishaƙ. Ya san goma sha huɗu. Jibrilu ɗaya ne tak, a Chadi, shi ma da ya bincika sai ya tarar sunan kakan yaron ne.

A masallacin gidan akwai ƙa'ida biyu. A shekarun farko, idan liman ya kakare a karatu, murya ashirin ke tashi lokaci guda domin ciro shi, har a rasa abin da ake faɗa. Sai Malam Isiyaku ya yanke cewa babu mai buɗa wa liman aya sai wanda yake tsaye daidai bayansa, kuma wurin na Malam Jibrin ne. Sabon ɗalibi ana gaya masa wannan tun kafin a nuna masa gadonsa. Ta biyu, liman ba ya zaɓen sura. Yana bin karatun a jere ne, Asuba da Magariba da Isha'i, daga inda aka tsaya, domin ɗalibai su ji sauka cikakkiya cikin shekara.

Da can Malam Isiyaku kan kakare sau ɗaya a wata. Tun da ya haura sittin abin ya yawaita, har ya zama ba a kwana biyu. Malam Jibrin yana ciro shi da muryar da ba ta wuce kafaɗar liman, tun kafin shirun ya yi tsawon da za a lura. Sahu na biyu ba ya jin komai. Da an sallame sai ɗalibai su taso su sumbaci kan Malam Isiyaku suna yaba daɗin karatunsa, shi kuwa Malam Jibrin yana zaune a wurinsa yana jan tasbihi a yatsu.

Ranar wata Litinin, Abu Nawwaf, jikan attajirin kuma wakilin waƙafin, ya kira Malam Jibrin a waya. Bayan doguwar gaisuwa ya tambayi lafiyar Shaikh Ishaƙ, ya ce kwantiraginsa zai ƙare nan da wata biyu, kuma iyalan suna shawarar ko za a sabunta ko kuwa lokacin hutawa ya yi. Malam Jibrin ya san ma'anar hutawa ga baƙo: waƙafin ne kafilinsa, wato mai tsaya masa a wurin hukuma, idan aiki ya ƙare takardar izinin zama ta ƙare, sai komawa gida. Abu Nawwaf ya ce zai zo ranar Alhamis ya yi Magariba tare da su ya gani da idonsa. Ya rufe da cewa idan ta kama a canza, ba sai sun je nesa neman wani ba.

Turai, matar Malam Jibrin, ita ta fara ganin canjin. Da la'asar ta kawo masa shayi, ta tsaya tana kallonsa yana juya cokali.

"Malam, ban sa sukari ba tukuna. Me kake juyawa?"

Ya gaya mata maganar wayar, yana ƙoƙarin faɗarta kamar labarin wasu mutane. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce Hansai, matar Malam Isiyaku, jiya-jiyan nan take cewa 'yarsu ta ƙarshe saura mata shekara ɗaya ta gama sakandare, kuma yarinyar ko wasiƙa ba ta iya rubutawa da Hausa. Malam Jibrin ya ce shi bai roƙi kowa komai ba, kiransa aka yi. Turai ta ce ta sani, amma tun da ya ajiye wayar yake gyara zaman hula kamar wanda za a ɗauka hoto. Ya ce ta zuba sukarin ta ba shi wuri.

Kowace Laraba Malam Isiyaku ne yake zuwa kasuwar Al-Aziziya sayen kayan miya na mako. Wannan Larabar ya nemi Malam Jibrin ya raka shi. A kasuwar masu tumatir da albasa suna ɗaga hannu daga nesa suna kiran Shaikh Ishaƙ da sunansa, wani mutumin Yaman har ya fito daga bayan buhuna ya rungume shi. Malam Jibrin kuwa "sadiƙ" suke ce masa, sunan da suke kiran duk baƙon da ba su sani ba, alhali shekararsa talatin a garin.

A hanyar dawowa, mota cike da warin albasa, Malam Isiyaku ya rage gudu ya ce, "Alaramma, ka san inda muka tsaya. Gobe da Magariba wurin nan ne da na zame bara."

Malam Jibrin ya sani. Aya ce da take da 'yar'uwa a wata surar, farkonsu ɗaya, sai a tsakiya suke rabuwa. Ya ba shi shawara ya karanta gajeriyar sura gobe, tun da akwai baƙo, babu wanda zai ce ya saɓa.

"Shekara goma sha tara ban tsallake ba, sai don jikan mai gida zai zo? Yaran za su gane. Ni dai kana bayana. Bahaɗeje ba ya barin wurinsa sai an soya kifi a waje, kuma na hana Inuwa soya kifi gobe."

Inuwa shi ne mai dafa abincin gidan.

"Bakatsine kuwa," in ji Malam Jibrin, "ko ya ga rami a gabansa sai ya gyara hula ya faɗa, don kada a ce ya kauce."

Malam Isiyaku ya yi dariya har da buga sitiyari. Malam Jibrin ya juya yana kallon titi. Ya gaya wa kansa cewa shi dai ya ba da shawara, kuma an ƙi.

Ranar Alhamis Abu Nawwaf ya iso gab da faɗuwar rana. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, mai sanyin magana. Aka ba shi wuri a sahun farko, a hannun daman Malam Jibrin. Aka ta da iƙama ta salla, Malam Isiyaku ya waiwaya ya daidaita sahu, idonsa ya tsaya a kan na'ibinsa na ɗan lokaci, sannan ya juya ya yi kabbara.

Ya fara karatun da kyau. Muryarsa ta tsufa amma daɗinta bai tafi ba, kuma Malam Jibrin ya ji yadda baƙon da ke gefensa ya sauke numfashi ya natsu. Shafi ɗaya ne, kuma Malam Jibrin ne ya koya masa shi a ɗakinsu na ɗalibta, sau bakwai yana maimaita masa kafin ya zauna. Liman ya iso ayar, ya shiga farkonta daidai, ya zo mararrabar, sai ya bi hanyar ɗaya surar. Ya yi kalma uku a can, ya ji ba nan ba ne, ya tsaya.

Ya koma farkon ayar ya sake ɗaukowa, ya tsaya a daidai wurin. Wannan ita ce alamar da liman yake neman a buɗa masa.

Kalmar tana kan harshen Malam Jibrin. Ya buɗe baki, sai ya ce a ransa numfashi ɗaya kawai zai jinkirta, domin baƙon ya ji sau ɗaya abin da shi yake ji shekara biyu. Numfashin ya wuce. Liman ya maimaita karo na biyu, a hankali, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar da ya san akwai mutum a ciki. Babu abin da ake ji sai na'urar sanyaya ɗaki. A sahu na biyu wani ya yi gyaran murya, amma bai furta ba. Fiye da talatin daga cikin ɗaliban sun san ayar, kuma duk sun san ba huruminsu ba ne. Malam Jibrin ya lura cewa yanzu idan ya yi magana kowa zai san da gangan ya jinkirta, sai ya ƙara rufe bakinsa.

Liman ya maimaita karo na uku. Sannan ya yi kabbara ya tafi ruku'u da ayar a yanke. A raka'a ta biyu ya karanta gajeriyar sura.

Da aka sallame babu ɗalibin da ya taso. Suka yi nafila suka fita ɗaya-ɗaya, masu wucewa ta gaban Malam Jibrin suna kallon darduma.

Aka shimfiɗa wa manyan uku a ofishin mudir, Inuwa ya ajiye dabino da gahawa ya fita. Malam Isiyaku ne yake zubawa da kansa. Abu Nawwaf ya yi ta zancen gyaran famfunan hawa na uku da adadin ɗaliban da za a karɓa baɗi, sai da ya sha ƙaramin kofi biyu sannan ya zo kan maganar. Ya ce kada Shaikh Ishaƙ ya damu, manyan makaranta ma suna zamewa a irin wuraren nan. Ya juya ga Malam Jibrin da murmushi, ya ce ga shi yau wurin ya kama shaihunan gidan duka biyu lokaci ɗaya, kuma wannan ba abin kunya ba ne.

Malam Isiyaku ya yi saurin karɓewa. "Wurin yana da santsi. Kuma tsufa ba ni kaɗai ya samu ba, ai jirgi ɗaya ya kawo mu."

Malam Jibrin ya ga ƙofar da aka buɗe masa, ya kuma san abin da ke bayanta. Idan ya gyaɗa kai kawai, mantuwar aya ɗaya ce, liman ya gaza a gaban baƙo, gidan kuma ya zama nasa. Amma abin da kunnensa ya ji shi ne an ɗauki haddarsa an aza kusa da ta Isiyaku an ce ɗaya suke. Gidan an ba Isiyaku, ɗaliban na Isiyaku ne, har masu albasa na Isiyaku ne. Abu ɗaya ya rage wanda duk wanda ya san su ya san ba su haɗa ba.

"Ban manta ba," in ji shi.

Malam Isiyaku ya taɓa masa gwiwa, ya ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Alaramma, sha gahawarka."

Malam Jibrin ya janye gwiwar. Ya gyara zama ya karanta ayar daga farko har ƙarshe, ya karanta 'yar'uwarta ta ɗaya surar, ya nuna kalmar da suka rabu a kanta, ya ƙara da wuri na uku mai kama da su wanda ko liman bai shiga ba. Bai yi tuntuɓe ko ɗaya ba. 

"Ma sha Allah," in ji Abu Nawwaf. Ya juya kofin da ke hannunsa. "To, ya Shaikh Jibril, me ya hana ka buɗa masa?"

Malam Jibrin ya ɗauki gahawarsa ya kurɓa. Abu Nawwaf bai sake tambaya ba. Ya girgiza kofinsa, alamar ya ƙoshi, ya miƙa wa Malam Isiyaku, ya yi godiya ya tashi.

Bayan mako biyu takarda ta zo. Iyalan sun gode wa Shaikh Ishaƙ bisa hidimar shekara goma sha tara, ba za a sabunta ba, amma sun ba shi har ƙarshen zangon karatu ya kimtsa. An naɗa Kamil, ɗan Damagaram, tsohon ɗalibin gidan mai shekara talatin da huɗu, ya zama mudir kuma liman. Malam Jibrin zai ci gaba da koyar da hadda. Daga bakin Turai ya ji cewa da shi ma za a sallama, Malam Isiyaku ne ya je har gidan Abu Nawwaf ya zauna a kan maganar. Ta faɗa masa tana ninke kaya, ba ta ɗago ba. Wannan labarin ya fi takardar yi masa ciwo, ya kwana biyu ba ya cin abincin kirki.

Ana saura kwana uku tafiyar, ya wuce ta ƙofar ofis, Malam Isiyaku ya kira shi. Yana zaune a ƙasa cikin kwalaye, yana ware hotunan ɗalibai.

"Bahaɗeje, shigo ka rufe ƙofa. Abu ɗaya nake so in sani. Na miƙa maka gidan nan a hannu a gaban mutumin, har na kusa yin ƙarya dominka. Me ya sa ba ka karɓa ba?"

"Ban taɓa manta ayar nan ba."

"Na sani. Ai na ji numfashinka a wuyana, ka buɗe baki ka rufe." Ya ajiye hoton da ke hannunsa. "Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka bar ni a baranda."

Malam Isiyaku ya ɗago ya dube shi. Ya tambaya ko yana nufin duk shekarun nan da yake ciro shi a salla, da wannan a ransa yake yi. Malam Jibrin ya ce eh. Malam Isiyaku ya ce lallai ya yi ƙoƙari, shi da ba zai iya ba. Ya koma kan hotunansa, bai ce ya yafe ba, bai kuma ce bai yafe ba. Malam Jibrin ya tsaya kaɗan ko za a ƙara wani abu, da ya ga babu sai ya fita.

Ranar tafiya jirgin na bayan Magariba ne. Ɗaliban suka haɗa kai suka ɗauko babbar mota, waɗanda ba su sami wuri ba suka bi a tasi, Kamil ya ja motar gidan da Malam Isiyaku da iyalinsa a ciki. Turai ma ta bi Hansai. Malam Jibrin ya ce ba za a bar gida babu kowa ba. Ya tsaya a tagar hawa na biyu yana kallon yadda suke rububin ɗaukar jakunkuna, har wani ɗan Bosniya da wani ɗan Mali suka kama hannun akwati ɗaya kowa ya ƙi saki. Ya ƙirga motocin da suka fita layin. Bakwai ne.

Da rana ta faɗi ya sauko masallaci. Babu kowa sai Inuwa, wanda tukunya ta hana shi tafiya. Inuwa ya kira salla ya ta da iƙama, Malam Jibrin ya shiga gaba ya tsaya a wurin liman. Ya ɗauko daga inda karatun gidan ya tsaya, ya yi shafi biyu a raka'ar farko, shafi biyu a ta biyu, kowane harafi a mazauninsa. Da ya sallame ya juyo ya fuskanci mamunsa, ya jira.

Inuwa ya shafa addu'a, ya duba agogon bango, ya ce, "Malam, yanzu kuwa sun isa filin jirgin? Na sa masa dambun nama a jakar hannu, ina tsoron kada a ƙwace."

Malam Jibrin ya ce bai sani ba. Inuwa ya ɗauki takalmansa ya koma kicin yana latsa waya.